Dutse na Huɗu da Walimar da Aka Fasa

Na yi ta ɗaga wannan babi ina rubuta waɗanda suka fi shi sauƙi, har dai ya zama ba abin da ya rage sai shi. Safiya, ke kika tayar da maganar, ranar da kika dawo daga bikin jikar Gwaggonki Ladi a Tiga fuskarki a murtuke. Kika tsaya a ƙofar ɗakina ko mayafi ba ki cire ba, kika ce an gaya miki abu biyu a can: wai na taɓa faɗuwa jarrabawar digirin digirgir, kuma wai baƙin cikin hakan ne ya kashe kakanku. Na ce ki je ki huta. Kin ɗauka share ki na yi, alhali amsar ce ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye. Ga ta nan yanzu, ke da Abba da ƙannenku. Maganar farko ba gaskiya ba ce, kuma zan nuna muku inda ta samo asali. Ta biyu kuwa ba zan iya rantsuwa a kanta ba, ko ta nan ko ta can. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Ba ku san Kwarin Ɗinya ba, domin tun kafin a haife ku yake ƙarƙashin ruwa. Ina makarantar kwana aka gama madatsar Tiga. Na tafi na bar gidanmu da rumbunansa, na dawo hutu aka nuna mini wani fili mai sabbin ɗakuna aka ce nan ne gida yanzu. Mutanen garin kuwa sun watse. Wasu sun karɓi filin da aka ba su a bakin ruwa kamar mu, wasu sun ga ƙasar ba ta yi musu ba suka bi dangi zuwa Ƙofa da Kiru da Tudun Wada, wasu har Riruwai suka dangana wajen haƙar kuza. Kakanku Malam Idi manomin dawa ne da gyaɗa, ko iyo bai iya ba, amma da furfurarsa ya koyi sana'ar su a wurin baƙin masunta, ya sayi kwale-kwale da kalli, wato ragar kamun kifi. Ya ciyar da mu da kifi har ƙarshen rayuwarsa, shi kuwa bai taɓa cin kifi da daɗin rai ba. Ban taɓa jin ya yi kukan gonarsa ba. Abu ɗaya yake maimaitawa: motocin da suka kwashe mutane ba rana ɗaya suka zo ba, kowa ya tafi ne yana tsammanin gobe zai ga maƙwabcinsa.

"Ba mu yi ban kwana ba," haka yake cewa. "Gari guda, Habu, ko addu'a ba mu yi tare ba."

Yanzu sai ku yi haƙuri in ɗan shiga lissafi, ko da yake na san Abba da ya ji kalmar aljabara idonsa ke fara lumshewa. Ba zan daɗe ba, amma in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane sauran ba. Fannin da na shiga ana kiransa aljabarar Lii, da sunan Baturen da ya fara binciko shi. Tarin abubuwa ne da ke da dokar haɗa biyu a sami na uku. Wasu irin waɗannan tarin suna da iyaka, nawa kuwa ba shi da ita, ko ta ina ka bi ba ka kai ƙarshe. To yaya mutum zai riƙe abin da ba shi da ƙarshe? Dabarar ita ce a karkasa shi ɗaki-ɗaki. Abin da ke cikin kowane ɗaki ba ya ƙirguwa, amma ɗakunan kansu 'yan kaɗan ne, kuma a jere suke bisa wani tsari mai kyau da 'yan fannin ke kira tsarin saiwoyi. In ka haɗa abin wannan ɗaki da na wancan, tsarin ne zai gaya maka ɗakin da sakamakon zai faɗa. Manyan tsare-tsaren, masu ɗakuna da yawa, masana a ƙasashen waje sun riga mu kansu. Rabona shi ne ƙarami, mai ɗaki shida da tsakar gida ɗaya. A kansa na gina kundina gaba ɗaya, shekara da shekaru, ina koyarwa a jami'a ina rubutu, mahaifiyarku Binta tana buga mini a tafireta, alamomin da injin ba shi da su tana cika su da biro.

A ƙarshen daminar shekarar da nake ba ku labari, malamina, wani dattijo ɗan Indiya da muke kira Farfesa kawai, ya karanta kundin ya sa hannu. Aka ce bayan kaka zan tsaya gaban masu jarrabawa in kare shi. Na ɗauko Binta da ke, Safiya, kina goye, Abba yana ciki, muka taho gida da albishir. Ban san Baba ya daɗe yana jiran dalili irin wannan ba. Kafin mako ya zagayo ya sayo sa, wani fari mai baƙin kunne, ya ɗaure shi a bayan gida. Ya sayo goro ya ƙulla kashi-kashi, ya ba 'yan kasuwa da direbobi, kowane ƙulli da sunan gidan da za a kai. Ba maƙwabtanmu na Tiga kawai ya gayyata ba. Duk wani gida na Kwarin Ɗinya, duk inda ruwa ya kora shi, sai da goro ya je masa: ɗan Idi zai zama dakta, a zo walima bayan an gama yankan dawa. Na ce masa ya bari a gama jarrabawar tukuna. Ya dube ni kamar na faɗi wauta, ya ce malamin da kansa ya sa hannu, me kuma ya rage.

Wata safiya da hantsi na same shi a bakin ruwa yana ɗinkin kalli a gindin giginya. Ya nuna mini ƙasa da haɓarsa.

"Zauna. Mutane za su zo daga nesa, za su tambaye ni me ɗana ya yi aka ba shi wannan suna. Da daktan asibiti ne na san abin da zan ce. Kai kuwa ko allura ba ka iya ba. Gaya mini abin da zan faɗa musu."

Na ji daɗin tambayar, don bai taɓa yi mini irinta ba. Na tsinto duwatsu uku na ajiye su kamar murhu, na ja layi a yashi tsakaninsu. Na ce masa tafiya daga wannan dutse zuwa wancan ɗaki ne, dawowa kuma wani ɗakin ne daban.

"Shida ke nan," in ji shi.

"Shida, Baba. Kuma abin da ke cikin kowanne ba shi da iyaka."

"Allah ne kaɗai ba shi da iyaka. Amma ci gaba."

Na nuna masa dokar: in ka haɗa abin ɗakin da ya tashi daga dutse na ɗaya zuwa na biyu da abin ɗakin da ya tashi daga na biyu zuwa na uku, sakamakon yana faɗawa ɗakin da ya tashi daga na ɗaya zuwa na uku. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan ai ko jaki ya san shi, in ka bi ta Bebeji ka je Ƙofa ai Ƙofa ka je. Sai na zo kan ginshiƙin aikin. Na ce masa abin da na tabbatar shi ne, in kana da abu uku, ko ka fara haɗa biyun farko sannan ka ƙara na uku, ko ka fara da biyun ƙarshe, duk ɗaya ne, kuma a kan wannan komai ya tsaya. Na fara jera masa hujjar da yatsa: daga na ɗaya zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, daga na uku zuwa... Hannuna ya miƙa da kansa ya tsinto wani dutse.

Na tsaya ina kallonsa a tafin hannuna. Hujjar tana buƙatar dutse na huɗu. A manyan tsare-tsare akwai shi, har da na biyar da na shida, shi ya sa take tafiya lafiya a can. Ni kuwa na ɗauko ta a babi na biyu da haruffa maimakon duwatsu, na rubuta layi ɗaya cewa haka abin yake a ƙaramin tsarin ma, na wuce. Na karanta layin nan ban san adadi ba. Farfesa ya karanta, Binta ta buga shi. A takarda harafi na huɗu ba ya ihu. A yashi kuwa ga duwatsu uku, ga na huɗu a hannuna ba shi da wurin zama.

"Ajiye mana, ina kallo," in ji Baba. Da ya ga ban motsa ba ya ce, "Lafiya? Ko kunama ce?"

Na ce masa kaina ne ke ciwo. Na shige ɗaki na yi kwanaki ina neman wata hanyar da za ta kai ni wurin ba tare da dutsen nan ba. Na gwada komawa dutse na farko, sai abin ya faɗa tsakar gida, inda hujjar ba ta da iko. Daga nan na tuna da wasu lambobi masu sassa takwas da muka taɓa karantawa a matsayin abin al'ajabi, waɗanda a cikinsu wanda ka fara haɗawa yana canja sakamako. Na gwada su a ɗakunana shida, suka zauna daram. Ke nan ba hujjar ce kawai ta gurgunce ba, maganar kanta ba gaskiya ba ce. Ba kuma gefe ba ne da za a yanke a bar saura, domin duk abin da ke sabo a kundin a kanta yake zaune.

Ranar nan bayan sallar la'asar na tara su a tsakar gida: Baba, da Inna, da Yaya Ladi wadda ta zo daga gidanta taya shirin walima, da Binta. Na faɗa musu da Hausar da na iya. Yaya Ladi ce ta fara magana, kun san ta, har yau ba ta jiran a gama.

"Tsaya. Wa ya gani? Malamin naka ya gani?"

"Bai gani ba."

"Masu jarrabawar za su gani?"

"Da wuya, Yaya. Ba fanninsu ba ne sosai."

"To kai kaɗai ka gani, a bakin ruwa, da tsakuwa. Ka ja bakinka ka yi shiru, a sa maka hularka, mu yi walimarmu. Daga baya ka shiga ɗaki ka gyara abinka, wa zai hana ka?"

Inna ba ta ce komai ba sai, "An fa raba goro, Habu." Ta faɗa sau biyu, a hankali, tana kallon ƙasa. Yaya Ladi ta juya kan Binta ta ce ta yi wa mijinta magana mana. Ina so ku ji abin da mahaifiyarku ta ce daidai, domin an daɗe ana cewa ita ta zuga ni, kuma ta haɗiye wannan zargin shekaru ba ta tanka ba.

"Yaya, ni ban san lissafin nan ba, bugawa kawai na yi," in ji ta. "In ya yi shiru ba zan tona ba. Amma na san wanda nake aure. In ya karɓi abin nan a haka, mu ne za mu sha wahalar zama da shi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Duk wannan Baba yana zaune a kan buzunsa bai ɗago ba. Sai da aka yi shiru ya yi magana.

"Wannan kuskuren zai kashe wani? Gada za ta rushe?"

"A'a, Baba."

"Zai hana wani abinci?"

"A'a."

"To mene ne?"

"Zan tsaya gaban mutane in ce abu gaskiya ne alhali na san ba haka ba ne. Kuma za a ajiye shi a ɗakin karatu, wata rana wani ya zo ya yi gini a kansa."

Ya daɗe yana murza carbinsa. Sannan ya faɗi maganar da har yau in na tuna ta sai na ajiye abin da ke hannuna.

"Tun da na haife ka ban taɓa roƙon ka komai ba. Ka ba ni taron nan."

Na ce masa a yi taron mana ko ba digiri, ga sa, ga hatsi. Ya girgiza kai. Ya ce talaka ba ya barin gonarsa da kaka ya hau mota don kawai wani tsoho yana kewar sa, sai da dalili, kuma shi da bakinsa ya aika cewa walimar dakta ce. In aka zo ba dakta, naman me za a ci? Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma san da zarar na buɗe wa Farfesa baki magana ta ƙare, don ba mutumin da zai bar hannunsa a kan abin da ya san karyayye ne ba. Zaɓin nawa ne ni kaɗai, a tsakar gidan nan. Na ce, "Baba, ka yafe mini, ba zan iya ba." Ya tashi ya naɗe buzunsa ya fita masallaci tun ba a kira magariba ba.

Na je jami'a na nuna wa Farfesa. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallon allo, ya ce shi ma ya bi ta kan layin nan bai ji komai ba. Muka janye kundin. Na dawo Tiga na tarar Baba ya sa babbar rigarsa yana jira na a zaure. A al'adar mutanenmu goron gayyata ana iya ba ɗan aike, amma in za a janye shi, mai gida ne zai je da ƙafarsa ya faɗa, in ba haka ba an wulaƙanta waɗanda aka gayyata. Na ɗauka zai wakilta wani saboda shekarunsa.

"Tayar da babur ɗinka," ya ce. "Kai za ka kai ni."

Haka muka kama hanya, gida-gida. Yana bayana, amma bai riƙe ni ba, ƙarfen bayan babur ya kama da hannu biyu, ko a gargada. Ba ya yi mini magana sai dai "dama" ko "hagu" ko "tsaya nan". Muka fara da Bebeji da Ƙofa, muka shiga ƙauyukan Kiru, muka gangara Tudun Wada. A kowace ƙofa abu ɗaya ne. A yi sallama, mai gida ya fito ya tsaya yana kallon Baba, sai ka ga fuskarsa ta canja, ya kama hannunsa ya ƙi saki. A shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, tsofaffin mata su leƙo daga cikin gida suna tambaya ko rasuwa aka yi. In an gama gaisuwa Baba ya gyara zama ya faɗi kalmomin da bai taɓa canja ko ɗaya ba:

"Na zo janye goron da na aiko. Yaron ya ga ɓaraka a aikinsa, ya ce ba zai karɓa ba sai ya gyara."

Su ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, su dube ni da tausayi. Ina ganin abin da suka fahimta a idonsu. Wa ya taɓa jin an miƙa wa mutum digiri ya ce a dakata? A wurinsu tsoho ne yake rufa wa ɗansa asiri. To Safiya, ga asalin maganar da kika ji. Ba mugunta ce ta haife ta ba, kuma ni ban tsaya gyara ta ba, don a lokacin kunyar Baba ta fi damuna da tawa. Na sha zama a bakin tabarma kaina a ƙasa kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Amma akwai abin da ban yi tsammani ba. In an gama maganar goro ba a tashi. Sai a shiga Kwarin Ɗinya: gidan wa ke kusa da rijiya, wa ya faɗo daga ɗinyar bakin kasuwa ya karye, wace shekara fara ta cinye gero. A lissafa waɗanda suka rasu a yi musu addu'a. Inda muka yi niyyar shan ruwa kawai sai mu kai la'asar, wani wurin mu kwana. Na ga Baba yana dariya har da share hawaye da hannun riga, amma da mun hau babur sai fuskar ta koma yadda take.

Gida na ƙarshe a Riruwai yake. Muka ratsa dajin Falgore da rana tsaka, gwaggon biri na zaune a bakin titi suna kallon mu, muka sha nono a wurin wasu Fulani, muka wuce Doguwa muka hau duwatsu. Wanda muka je wurinsa Malam Jibo ne, sa'an Baba, wanda katanga ɗaya ta raba gidansu da namu a tsohon gari. Rabon su da juna tun ranar motoci. Ramin kuza ya cinye masa ƙirji, idonsa ma saura kaɗan, yana kwance a zaure. Da muryar sallama ya gane Baba.

"Idi? Idi mai rowar gyaɗa? Ashe ruwan bai cinye ka ba."

"Ina zai cinye ni na bar ka kana yi wa mutane ƙarya?"

Suka rungume juna, tsofaffi biyu, ni kuwa na juya ina duba tayar babur da ba abin da ya same ta. Da Baba ya faɗi abin da ya kawo shi, Malam Jibo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ai ni gaba ta kai ni. Da walimar ce da ban zo ba, ƙafar nan ko masallaci ba ta kai ni. Gara da yaron ya faɗi, ga shi ka zo."

"Bai faɗi ba," in ji Baba, da wata murya mai kaifi da ban ji ya yi wa kowa ita a tafiyar ba. "Ƙi ya yi."

Washegari da muka juyo, a wani gangare kafin Doguwa, na ji hannu a kafaɗata. Na ɗauka tsayawa yake so, na rage gudu. Ya ce in ci gaba. Hannun bai sauka ba har Tiga. Can cikin daji ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda iska.

"Ban ce ka yi daidai ba."

"Na sani, Baba."

"Kula da hanya."

Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Digirin kun san na samu, amma sai da Abba ya shiga firamare. Abin da na tabbatar a ƙarshe ya fi na farko ƙanƙanta: a tsarin ɗaki shida dokar ba ta tsaya gaba ɗaya ba, wani sashenta ne kawai ya tsaya, kuma na bi abin da ke biyo bayan hakan a wani lungu da ba a taɓa dubawa ba. Mutanen da suka karanta shi a duniya ba za su cika motar haya ba. Amma gaskiya ne, yau ma in kun ba ni yashi zan nuna muku shi da duwatsu uku. Ranar da aka ba ni ba a yi walima ba, shinkafa Binta ta dafa muka ci mu kaɗai.

San walimar kuwa Baba ya ƙi sayar da shi. Mahauta sun zo sun taya, ya ce na Dakta ne. Shi da kansa yake ba shi harawa da dusa, har ya yi ƙiba ya cika bayan gida. Da bazara ta kama, Baba ya dawo daga ruwa da zazzaɓi da ciwon ƙirji, bai yi doguwar jinya ba Allah ya karɓi abinsa. Ko baƙin ciki ya taimaka? Na ga ya rage cin abinci bayan tafiyar nan. Na kuma ga yana zama da Inna yana ba ta labarin kowane gida da muka shiga, yana kwaikwayon muryar Malam Jibo. Duka biyun na gani, ban san wanda ya fi nauyi ba. Abin da na sani shi ne mahaifina ya roƙe ni abu ɗaya a duniya na hana shi, kuma ko yau aka mayar da ni tsakar gidan nan amsata ba za ta canja ba. Wannan bai rage mini zafin ba ko kaɗan.

Ba mu aika wa kowa na nesa ba, labari ne ya tafi da kansa. Tun washegarin jana'iza suka fara sauka, daga Ƙofa, daga Kiru, daga Tudun Wada, a kan kekuna da bayan motocin hatsi. Duk ƙofar da Baba ya tsaya da ƙafarsa sai da ta turo mutum, mafi yawa mai gidan da kansa. Ranar sadakar bakwai ƙofar gidanmu ta cika har bakin hanya, abincin da aka tanada ko rabi bai kai ba. Yaya Ladi ta fito idonta a kumbure, ta tsaya kusa da ni ba ta dube ni ba.

"A yanka san nan," ta ce.

Aka yanka. Ina tsaye ana rabon tuwo wata motar itace ta tsaya, aka sauko da Malam Jibo a kan hannu, mutumin da ƙafarsa ba ta kai shi masallaci. Aka kai shi tabarma ya zauna yana haki. Sai a lokacin na lura da yadda mutanen suka zauna. Ba wanda ya tsara su, amma kowa ya nemi tsohon maƙwabcinsa: 'yan bakin rijiya a gefe ɗaya, 'yan bayan masallaci a gefe ɗaya, maƙera can ƙarshe kamar yadda unguwarsu take. Kwarin Ɗinya ne zaune a ƙofar gidanmu, gida bayan gida. Liman ya ɗaga hannu, gari guda ya shafa addu'a tare.

A hannun daman Malam Jibo an bar wuri, daidai zaman mutum ɗaya, ba wanda ya matsa ciki. Ya sa aka kira ni. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Kai ne mai babur?"

"Ni ne, Baba."

Ya daddaɓa tabarmar da tafin hannunsa.

"Zauna nan. Wurin gidanku ne."